Me Ya Sa Motar Baba Ke Cewa Ƙas?

A ƙauyenmu da ke kan duwatsun Dedza akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Yarinyar nan akwai tsince-tsince. Duk abin da ta gani a ƙasa sai ta ɗauka, ta juya shi, ta ce zai yi amfani. Aljihun rigarta kullum cike yake da murafen kwalba da guntayen waya. Mamarta har ta gaji da ɗinke shi.

Da waɗannan tarkace take ƙera galimoto, motar wasa ta wayar ƙarfe mai dogon sitiyari, wadda ake turawa a tsaye. Da farko yara maza dariya suke yi mata. Da suka ga tata ta fi tasu kyau, sai suka koma roƙon ta gyara musu.

Babanta, Bambo Lipenga, direba ne. Bambo a yarenmu kamar a ce Malam ne. Yana da wata tsohuwar farar bas da yake kai mutane da buhunan dankali kasuwa.

Wata rana Malama Nangondo ta shigo aji tana murmushi.

"Ranar Asabar za mu sauka mu ga babban tafki," in ji ta. "Motar Bambo Lipenga ce za ta kai mu."

Aji ya kaure da ihu. Yarinyar ta fi kowa murna, don ba ta taɓa ganin tafkin ba. Ga shi kuma babanta ne zai tuƙa.

Sai dai hanyar tafki ba ta wasa ba ce. Gangare ne mai tsawo, kwana bayan kwana, ga rami a gefe.

"Ba zan sauka gangaren nan da 'ya'yan mutane a kan tsohon birki ba," in ji Baba. Ya je gari ya sayo sababbin takalman birki.

Baba yana da tsarinsa na aiki, kuma kowa a gidan ya san shi. Yakan shimfiɗa buhu a ƙasa. Duk abin da ya kwance wanda zai mayar, a kan buhun yake ajiye shi. Abin da ya mutu kuma sai ya jefa a wani fasasshen kwano. Na cikin kwano na yara ne. Na kan buhu kuwa ko kallonsa da yawa ba a yi. Idan buhu ya zama wayam, to aiki ya ƙare ke nan.

Ranar Laraba ya fara aikin. Kawu Ganizani, yayan Mama, ya jawo kujera ya zauna yana kallo. Shi mai gyaran keke ne, kuma bakinsa ba ya hutawa.

"Abin da ke jikin keke shi ke jikin mota," in ji shi. "Girma kawai ta fi shi."

Baba ya ce, "Haka ne, Yaya." A wurinmu miji ne ke zama a ƙauyen matarsa, kuma kawun yara shi ne babba a gida. Ba a yi masa gardama.

Baba ya gama tayar dama. Ya kwance ta hagu ke nan, sai aka ji ihu. Saniyar maƙwabci ta faɗa rami! Maza duka suka ruga, har da Kawu.

Suna fita, kaji suka samu dama. Suka hau buhun suna tono. Yarinyar ta kore su. A nan ne ta ga wasu 'yan ƙarafa biyu sirara masu lanƙwasa. Ba a kan buhu suke ba, ba kuma a cikin kwano ba. Suna ƙasa, a tsakani.

Ta ɗauka ta duba. Sun yi baƙi, ga ɗan tsatsa.

Ƙanenta Pilirani ya ce, "Yaya, ki bari Baba ya dawo ki tambaye shi."

"Ba ka ga tsatsa ba? Kwano ya jefa su, bai samu ba."

"In kuma daga buhu suka faɗo fa?"

"Kai dai ka cika tsoro."

Ta zura su a aljihu. Kafin yamma ta ɗaura su a gaban galimotonta. Sun yi kyau kuwa, sai ka ce don ita aka yi su.

Kawu Ganizani ne ya fara dawowa. Ya ce bayansa ba zai iya jan saniya ba, amma ya nuna musu yadda za su yi. Da ya ga aiki a buɗe, sai ya naɗe hannun riga. Ai ya ga yadda aka yi ta dama! Ya sa sababbin takalman, ya ɗaure notuna, ya mayar da taya.

Baba ya dawo duk jikinsa laka. Ya ga taya a ɗaure.

"Yaya, ka mayar da komai?"

"Dubi buhunka mana."

Baba ya duba. Buhu wayam. Ya yi godiya, ya tafi wanka.

Washegari da safe ya tashi motar don gwaji. Ya ja da baya, ya taka birki.

Ƙas!

Ya yi gaba, ya taka.

Ƙas!

Ya sake takawa. Shiru. Ya ƙara takawa. Shiru. Ya yi murmushi, ya ja da baya, ya taka.

Ƙas!

Baba ya sauko yana sosa kai. "Wannan kuma mene ne? Motar tana tsayawa daidai. To me ke ƙara?"

Nan fa kowa ya zama bakanike.

"Gyare ne ya shiga," in ji Kaka daga bakin ƙofa.

"Gyare da muryar ƙarfe, Kaka?" in ji Pilirani.

"Kai ka san gyaren zamani?"

Mama ta ce, "Cokalina ya ɓace tun makon jiya. Ku duba ƙarƙashin kujeru."

Aka duba. Aka samu cokalin, da takalmin jariri ƙafa ɗaya, da wani busasshen dankali. Aka fitar da jak da sifana da duk abin da zai iya motsi. Baba ya sake gwadawa.

Ƙas!

"Af, ai ba komai ba ne," in ji Kawu. "Sabon takalmi ko a ƙafar mutum yakan yi ƙara. Bar shi ya saba."

Baba bai gamsu ba. Ya bi notunan tayoyi ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗaure suke tamau. Ya sa tsinke ya cire tsakuwoyin da suka maƙale a taya. Sannan ya ce kowa ya tsaya a gefe ya kasa kunne.

Ya ja, ya taka. Ƙas!

"Daga ina?"

Mama ta nuna gaba. Kaka ta nuna baya. Kawu ya nuna dama. Pilirani ya nuna wata akuya da ke tauna gwangwani.

Ita ma yarinyar kanta ya ɗaure. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin mota, ba ta ga komai ba. Ko a ranta ba ta kawo 'yan ƙarafan nan ba. Ta ma manta da inda ta samo su.

Da ta dawo daga makaranta, ta tarar da Baba yana magana da Mama ƙasa-ƙasa a bayan ɗaki.

"Kunnena yana ce mini daga hagu ne," in ji shi.

"To ka kwance mana."

"In kwance aikin yayanki a gabansa? Ai kamar na ce bai iya ba ne. Kuma buhu ya nuna ya mayar da komai."

"To yanzu yaya za ka yi?"

"Bari in buɗe nawa ɓangaren. Wataƙila ni na yi kuskure."

Ya kira yarinyar ta riƙa miƙo masa kayan aiki. Ya ɗaga motar da jak, ya cire tayar dama, ya buɗe gidan birki. Tana leƙawa sai ta ga wani abu. Wasu 'yan ƙarafa biyu sirara masu lanƙwasa, ɗaya sama, ɗaya ƙasa.

Kamar waɗanda ta ɗaura a galimotonta!

"Baba, waɗannan fa? Mene ne amfaninsu?"

"'Yan maƙalai ne. Su ke riƙe takalmin birki, kada ya yi wasa a gidansa."

"In babu su fa?"

"Sai takalmin ya riƙa zamewa. In ka yi gaba ya bugi nan, in ka ja baya ya bugi can. Irin ƙarar nan ce ma zai yi." Baba ya taɓa su da yatsa. "Amma ga su nan daram. Abin da ya ruɗa ni ke nan."

"Ba sababbi ake sawa ba?"

"Ba su zo a kwalin ba. Tsofaffin nake gogewa in mayar. Miƙo mini sifana."

Ta miƙa masa guduma.

"Sifana na ce. Yau me ke damunki?"

Da aka gama, ta lallaɓa bayan rumbu inda take ɓoye galimotonta. Ta zuba wa ƙarafan ido. Kamar su ne, kamar kuma ba su ba. Nata sun fi baƙi. Kuma ɗaya ya fi buɗewa. Sai ta tuna ita ce ta buɗe shi da dutse don ya zauna daidai.

"A'a, ba su ba ne," ta ce wa kanta. "Abu ɗan mitsitsi haka zai hana babbar mota tafiya?"

Amma da aka kawo tuwon nsima da miyar kabewa, loma biyu kawai ta iya yi.

Ranar Juma'a da safe Baba ya raka ta makaranta da ƙafa. Ya tsaya da Malama Nangondo a bakin aji. Da Malama ta shigo, babu murmushi a fuskarta.

"Yara, ku saurara. Birkin motar yana wata ƙara, kuma ba a gano dalili ba. Bambo Lipenga ya ce in har yamma ta yi bai gano ba, babu tafiya gobe."

"Wayyo, Malama!"

"Mamata har ta soya mini fanken mandasi!"

"Ni na ari gajeren wandon yayana!"

Wata ƙaramar yarinya a layin gaba ta kifa kai a tebur ta fara kuka.

Wani yaro ya juyo ya ce, "Ke, an ce kawunki ne ya lalata motar. Mai gyaran keke ina shi ina mota?"

Aka yi dariya. Ita kuwa ba ta yi ba. Ji ta yi kamar ta nutse a ƙasa. Kawu yana da surutu, gaskiya ne. Amma shi ne ya koya mata lanƙwasa waya, kuma bai ɗauki komai ba.

Da aka fita tara, ta tsaya a baya.

"Malama, ina da tambaya."

"Ina jin ki."

"In mutum ya tsinci abu a ƙasa, sata ce?"

"A ƙasan ina?"

"A tsakar gida. Kusa da kwanon da ake zubar da abubuwa."

"A cikin kwanon ko kusa da shi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Kusa."

"Mutumin ya tambaya kafin ya ɗauka?"

"Mai abin ba ya nan. Kuma abin ɗan ƙarami ne. Kuma mutumin bai tabbata ba ko shi ne ake nema. Wataƙila ma ba shi ba ne, Malama. Ni dai na rasa gane kansa."

Malama ta jawo ta kusa. "Wa zai iya gane ko shi ne?"

"Baba."

"To me kike jira?"

Hawaye ya zubo mata. "Zai yi fushi. Kuma duk aji za su ce ni ce."

"Wataƙila ya yi fushi. Fushin zai wuce. Amma in kika yi shiru, ajin nan ba zai ga tafki ba, kawunki kuma zai ci gaba da ɗaukar laifin da ba nasa ba. Wanne ya fi miki nauyi?"

Yarinyar ta share ido. Malama ta ba ta izini ta tafi gida tun kafin a tashi.

Ta tarar da Baba da Kawu zaune a inuwar mota. Maganar mutane ta riga ta kai kunnen Kawu, kuma yau ko barkwanci ɗaya bai yi ba. Abin ya ba ta tausayi.

Ta je bayan rumbu, ta turo galimoton har gabansu. Ta durƙusa.

"Baba, Kawu, ku dubi gaban motata."

Baba ya duba. Ya sake dubawa. Ya ɗaga galimoton sama, ya kai shi kusa da idonsa.

"Ina kika samo waɗannan?"

"A ƙasa, ranar da saniya ta faɗa rami. Kaji sun yi tono a buhu. Na zaci ka zubar ne."

"Na gaya mata ta tambaya!" in ji Pilirani daga kan katanga.

"Kai, sauko daga nan," in ji Mama.

Baba ya juyo ya dubi yarinyar.

"Jiya da kike miƙo mini guduma, kin sani?"

"Na yi zato, Baba. Tsoro ne ya hana ni faɗa."

"Ɗaukar da kika yi kuskure ne. Shirun da kika yi kuma, shi ne ya fi ɓata mini rai. Kin ga yadda na wuni ina kwance abin da ba shi da laifi? Kin ji abin da ake faɗa a kan kawunki?"

"Na ji. Kawu, ka yafe mini."

Kawu ya karɓi galimoton ya jujjuya shi. "Tabɗi! Ashe akwai irin waɗannan a ciki? Ni ban ma lura da su ba." Ya dubi Baba. "Lipenga, kai ka san daga hagu ƙarar take?"

"Na yi zato, Yaya."

"To me ya hana ka buɗewa?"

"Aikinka ne. Na ji nauyi."

"Haba! Za ka ɗauki 'ya'yan mutane, kana jin nauyina? Ko mai gari ne ya ɗaura tayar nan, ka kwance ta. Kawo jak!"

Suka ɗaga motar, suka cire tayar hagu. Baba ya sa yatsa ya tura takalmin birkin. Ya zame, ya bugi ƙarfe.

Ƙas!

"Ga gyarenki nan, Kaka," in ji Pilirani.

Baba ya sa yarinyar ta kwance ƙarafan da hannunta. Gaban galimoton ya wargaje. Ɗaya maƙalin ya shiga wurinsa lafiya. Wanda ta buga da dutse kuwa ya ƙi zama.

"A miƙe shi mana," in ji Mama.

"A'a. Ya riga ya saki. Ba na sa abin da ban yarda da shi ba a birki."

Rana ta fara karkata, gari kuma da nisa. Yarinyar ta fashe da kuka. Ga gaskiya ta faɗa, amma ga shi tafiyar za ta lalace duk da haka.

Kawu ya miƙe ya jawo kekensa.

"Bayanka fa, Yaya?" in ji Mama.

"Jan saniya ne ba ya so. Keke abokinsa ne." Ya sa lalataccen maƙalin a aljihu don ya nuna a shago, ya hau, ya tafi.

Baba ya miƙa wa yarinyar bokiti da tsumma. "Kafin ya dawo, ki wanke motar nan ciki da waje, ke kaɗai. Gobe kuma ki gaya wa 'yan ajinku abin da ya faru, don a daina ambaton kawunki."

Ta yi ta ɗebo ruwa daga rijiya har hannunta ya yi ciwo. Tana wanki tana duban hanya. Duk keken da ya ɓullo sai ta miƙe, sai ta ga ba shi ba ne.

Rana na gab da faɗuwa Kawu ya shigo, gumi sharkaf. Ya ɗaga hannu sama. Ga sababbin maƙalai suna ƙyalli.

Baba da Kawu suka sa su tare. Baba ya shiga ya ja da baya, ya taka birki. Shiru. Ya yi gaba, ya taka. Shiru. Ya yi ta gaba da baya har Kaka ta ce kanta ya fara juyawa. Ko ƙas ɗaya ba a ƙara ji ba.

Ranar Asabar da safe, kafin a shiga mota, yarinyar ta tsaya a gaban 'yan ajinsu. Ta faɗi komai. Yaron da ya yi wa Kawu ba'a ya sunkuyar da kai. Ƙaramar yarinyar da ta yi kuka ta matso, ta ba ta rabin mandasinta.

Suka kama gangare. Sauran yara suna ta waƙa. Ita kuwa tana zaune bayan Baba, ta kasa kunne. A kowace kwana sai ya taka birki, motar ta rage gudu a hankali, ba ƙara.

"Baba," ta ce a hankali, "da mun taho haka nan ba a gyara ba, da mun faɗa rami?"

"Wataƙila da ba abin da zai faru. Amma dubi bayanki."

Ta waiwaya. Ga 'yan ajinsu cike da mota, suna tafi suna dariya.

"Ba na ɗaukar waɗannan a kan wataƙila," in ji Baba.

Can sai ƙasa ta miƙe. Wani ya yi ihu, "Ga shi can!" Ruwa ne shuɗi, ya shimfiɗu iyakar ganin ido. Yarinyar ta leƙa taga, ta zuba wa ruwan ido.

A bakin tafkin Malama Nangondo ta tara su, ta ce wa yarinyar ta faɗi abin da ta koya.

Ta ce, "Abin da ba nawa ba, ko ƙarami ne, ko a ƙasa na gan shi, sai na tambaya kafin in ɗauka. In kuma na yi kuskure, in faɗa da wuri, kafin laifina ya hau kan wani."

"Kun ji?" in ji Malama.

"Mun ji, Malama!"

"To ku cire takalma."

Yarinyar ta kama hannun babanta, ta ja shi. Tare suka sa ƙafa a ruwan.